Haƙoran Yara Ma Amana Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata magana da ake ji a bakin iyaye mata, tun daga Tiga ta ƙasar Bebeji, zuwa Kwanar Dangora ta Kiru, da Tudun Wada, har Riruwai ta Doguwa. In an ce su tsabtace bakin ƙaramin yaro, sai su ce, ai haƙoran nan faɗuwa za su yi, wasu su fito. Tambayarmu a wannan mako ita ce, shin abin da ba zai daɗe ba, ba shi da hakkin a kula da shi?

Lalle gaskiya ne za su faɗi. Haƙoran farko guda 20 ne, suna fara tsirowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3, su fara zubewa wajen shekara 6. Amma da su yaro ke tauna abinci, da su yake koyon furta haruffa, su ne kuma ke tsare wa haƙoran girma gurbinsu. In suka ruɓe suka fita da wuri, na bayansu kan fito a karkace. Abin da ke ruɓar da su kuwa shi ne zaƙin da ke kwana a baki, na alewa da mazarƙwaila da lemon kwalba, domin ƙwayoyin cuta na mai da shi tsami mai cin haƙori. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara fiye da miliyan 500 ke fama da wannan ruɓewa.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni, watau cutar noma mai cin fuska. Daga kumburin dasashi take farawa, ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya raunana. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999.

To, ya 'yan'uwa, ba a auna amana da tsawon kwananta. Duniyar ma ɗungum aro ce, amma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta. Ya inganta a Hadisi cewa mace makiyayiya ce a gidan mijinta da 'ya'yansa, kuma abar tambaya ce. Littafin Ahalari da muke karantar da yara ya lissafa aswaki cikin mustahabban alwala. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ita ta tausasa wa Manzon Allah aswaki a jinyarsa ta ƙarshe, lokacin da ƙarfinsa ya ragu. Ashe tsabtace bakin wanda ba ya iya yi wa kansa aiki ne mai asali.

Sau da yawa tausayi ne ke sa uwa ta miƙa alewa don yaro ya bar kuka. Amma tausayin da ke share hawayen yau ya jawo kwanan zaune da ciwon haƙori gobe, ragagge ne. Uwa ta goge haƙoran da hannunta safe da dare, da man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar wake ga wanda ya wuce. Kada kuma a ɗora zawo da zazzaɓi mai zafi a kan fitar haƙori, a kai yaro asibiti.

Maigida ma ba a ɗauke masa ba. Shi ke shigowa da tsarabar zaƙi daga kasuwa, shi ne kuma zai biya kuɗin mota har Kano in haƙori ya lalace.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, babba da ƙarama, amin.