Ma'aunin Gwani a Bakin Ƙwarya

A mashayun Turai da Amurka akwai gasar da ake auna gwanintar ɗan wasa da yawan giyar da ya kwankwaɗa. Shin cika ciki gwaninta ce?

A ƙasar Kurfai ma'aunin daban ne. Filinge ta sha yunwar 1931 da farin 1973 da na 1984, don haka ta san darajar kurɓi guda. Idan ƙwaryar fura ta zagaya, ba a yabon mai zurfin maƙogwaro. Wanda ya kurɓa ya miƙa wa na kusa, shi ne mai kara.

Kokawa da dara suna da gwanaye, domin horo na ƙara wa mutum ƙarfi da basira. Gasar sha kuwa, zakaranta shi ne wanda ya fi kowa asarar hankali.