Ƙafar Kaita da Ƙafar Amir: Da Me Muke Auna Laifi?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya, na ga ya dace in kawo ta wannan mujalla tamu domin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su taya ni duba ta. Tambayar ita ce: idan mutum ya yi laifi, da me jama'a suke auna nauyin laifin nasa? Da niyyar da ya ƙulla a ransa, ko kuwa da zafin da su suka ji a nasu ran? Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa niyya ita ce ma'auni, shi ya sa ma shari'a ta raba kisan kuskure da na ganganci. To amma abin da muke faɗa da baki daban, abin da muke aikatawa idan abin ya taɓa mu kuma daban. Zan kafa hujja da wasu samari biyu, ɗaya Bakano ɗaya mutumin Pakistan, waɗanda suka yi laifi a shekara ɗaya, wato 2010, tsakaninsu wata biyu da 'yan kwanaki, kuma dukkansu da ƙafa suka yi shi.

Bari in fara da na gida. Sani Kaita a Kano aka haife shi a 1986, kuma a Kano Pillars ya fara fitowa kafin ya tafi ƙungiyar Sparta Rotterdam ta ƙasar Holan. Yana cikin matasan Nijeriya da suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, inda Ajantina ta doke su da ci 2 da 1, yana kuma cikin waɗanda suka ciwo lambar azurfa a gasar Olamfik ta birnin Beijing a 2008. Ranar 17 ga Yuni, 2010, a garin Bloemfontein na Afirka ta Kudu, Nijeriya tana karawa da Girka a gasar cin kofin duniya. Kalu Uche ya riga ya ci mana ɗaya, wasa yana hannunmu. A minti na 33 ƙwallo ta fita, suka ɗan yi ture-ture da Torosidis a bakin layi, sai Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa hauri a cinya. Haurin bai taka kara ya karya ba, amma alƙali yana gani, nan take ya ɗaga masa jan kati. Ya fita ya lulluɓe kansa da rigarsa. Girkawa suka farke kafin hutun rabin lokaci, daga baya kuma shi Torosidis ɗin nan ya ci ta biyu. Bayan wasa Kaita ya fito ya nemi gafarar 'yan Nijeriya. Duk da haka sai da jami'an tawagar suka bayyana cewa ana ta aiko masa da saƙonnin barazanar kisa. Daga nan tauraronsa ya dinga dusashewa, bai ƙara zuwa wata babbar gasa da rigar Nijeriya ba.

Na biyun sai na ɗan yi shimfiɗa, domin wasan kurket ba namu ba ne. A Pakistan kuwa ya fi ƙwallon ƙafa a wurinmu daraja. Ya ishe ka misali cewa Imran Khan, kyaftin ɗin da ya ciwo musu kofin duniya a 1992, da wannan farin jinin ya gina asibitin masu ciwon daji a Lahore a 1994, da shi kuma ya shiga siyasa har ya zama Firayim Minista a 2018, kafin a sauke shi a 2022 a kuma tsare shi a 2023. A wasan, wani yana shekowa da gudu ya jefo ƙwallo yana neman ya kayar da wasu turaku uku, wani kuma yana tsaye gabansu da faffaɗar sanda yana karewa yana neman maki. Akwai layi a ƙasa wanda bai kamata ƙafar mai jifa ta tsallake shi ba. In ta tsallake, jifan ya ɓaci, a ba abokan hamayya maki ɗaya.

Muhammad Amir ɗan wani ƙauye ne a yankin Gujar Khan na lardin Punjab, an haife shi a 1992. Shahararren mai jifan nan Wasim Akram ne ya hango shi a wani sansanin horo a 2007. Kafin ya cika shekara 19 duniyar kurket ta gama yarda cewa an samu magajin Wasim. A ƙarshen watan Agusta na 2010, Pakistan tana wasa da Ingila a filin Lord's na Landan, sai aka ga yaron nan ya tsallake layi har sau biyu, tsallakewa kuwa ba 'yar kaɗan ba, abokinsa Muhammad Asif ma ya yi sau ɗaya. Ashe wani ɗan jaridar News of the World ne ya yi shigar ɗan caca, ya ba wani dillalin 'yan wasa mai suna Mazhar Majeed fam 150,000, shi kuma ya faɗa masa tun kafin wasa daidai jifan da za a ɓata. Wanda ya san wannan a gaba, ai ya san inda zai zuba kuɗinsa. Kyaftin Salman Butt yana cikin ƙullin. A watan Fabrairu na 2011 hukumar kurket ta duniya ta dakatar da Amir shekara 5, Asif 7, Butt 10, amma aka jingine wani ɓangare na hukuncin manyan biyun. A Nuwamba kuma kotu a Landan ta ɗaure Butt wata 30, Asif wata 12, Amir wata 6. Shi Amir ya amsa laifinsa, sauran biyun musu suka yi har aka kama su da hujja.

To, ya kai mai karatu, ɗora waɗannan ƙafafu biyu a kan sikeli. Ta Kaita fushi ne ya ɗaga ta, fushin daƙiƙa ɗaya, bai kwana da shi ba, bai ci ko sisi a kansa ba, shi ne ma farkon wanda ya yi asara. Ta Amir kuwa an zauna an shirya, an tsayar da lokaci, yaro ya fito gaban dubban mutane yana sane ya yaudare su. In da niyya ake aunawa, babu ma haɗi. Amma duba ɓarnar da kowace ta jawo a filin wasa. Ta Amir da ta Asif maki uku kacal suka bayar cikin 446 da Ingila ta tara, ba su ne suka sa Pakistan ta sha kashi ba, kuma a wannan wasan ne ma Amir ya fitar da masu bugu shida na Ingila. Ta Kaita kuwa ta juyar da wasan da muke ganin mun riga mun ci. Wato mai mummunar niyya ɓarnarsa kaɗan ce, mai ƙaramin laifi kuwa tasa ta cika ƙasa.

Yanzu sai ka ji yadda ta kaya. A Janairun 2016 Amir ya koma buga wa ƙasarsa. Ba kowa ya so ba, don manyan 'yan wasa biyu, Muhammad Hafeez da Azhar Ali, da farko ƙin zama sansani ɗaya da shi suka yi. Ranar 18 ga Yuni, 2017, a Landan ɗin nan da aka ɗaure shi, Pakistan ta haɗu da babbar kishiyarta Indiya a wasan ƙarshe na gasar zakaru. Amir ya fitar da manyan masu bugun Indiya uku a jere, Rohit Sharma da Virat Kohli da Shikhar Dhawan, Pakistan ta yi nasara da ratar maki 180. Wanda aka kira maci amana jiya, ranar nan da sunansa aka kwana ana murna. Shekara bakwai da kwana ɗaya ke nan bayan jan katin Kaita, wanda shi a lokacin an daina ko tambayar inda yake.

Ni ina yaro ƙarami aka yi wasan Girka, amma na tashi na tarar da maganar ba ta mutu ba. A majalisar da nake zama a Gyadi-Gyadi, wajen mai shayi, da gidajen kallon ƙwallo na Tarauni, har yau in wani ɗan wasa ya karɓi jan katin wauta sai ka ji an ambaci Kaita. Wasu daga cikin yayyenmu sukan ce ai don ɗan Arewa ne aka yi masa wannan taron dangi. Wannan magana ba ta gamsar da ni ba. Kwana biyar bayan wasan Girka, a garin Durban, Yakubu Aiyegbeni ya samu ƙwallo shi da raga babu kowa a gabansa, ya buga ta waje. Aka tashi 2 da 2 da Koriya ta Kudu, alhali da mun ci da mun wuce zagaye na gaba. Yakubu ba ɗan Arewa ba ne, kuma shi ko laifi bai yi ba, tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa, daɗin daɗawa bayan minti uku ya ci bugun daga kai sai mai tsaron gida. Amma har yau da wannan ƙwallon ake tuna shi. Ka ga ke nan matakai uku ne: kuskure tsantsa, da fushi, da cin amana. Mu kuwa mun fi tsananta wa na farko da na biyu, don su ne suka hana mu barci.

Ga wata tambaya da nakan yi wa abokaina: da a ce mutum goma ɗin nan sun jure an tashi 1 da 0, wa zai tuna da haurin Kaita? Babu. Ashe ke nan girman laifinsa ba a ƙafarsa aka yanke shi ba, a ƙafar Girkawa biyu aka yanke shi bayan shi ya riga ya bar fili. Yaya za a yi nauyin zunubin mutum ya rataya a kan abin da wani zai yi bayan minti arba'in?

Sai dai kada in yi wa mutanen Pakistan rashin adalci. Wani zai ce ba banza suka karɓi Amir ba. Yaro ne ɗan shekara 18, kyaftin ɗinsa da ya kamata ya tsare shi yana cikin masu ƙulla abin, kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Bugu da ƙari ya amsa laifi, ya sha ɗauri, ya yi shekara biyar a waje a daidai lokacin ƙuruciyar da mai jifa yake taƙama da ita. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ni na yarda daidai ne da aka bar shi ya dawo. Hasali ma a nan ne na ga babban bambancin da ke tsakaninsa da Kaita. Amir ya samu kotu. An karanta masa laifinsa, an yanke masa hukunci mai farko da ƙarshe, ranar da wa'adi ya cika kowa ya san ya cika. Kaita kuwa hukuncin da doka ta tanadar masa ɗan kaɗan ne, jan kati da dakatarwa, ya kuwa biya shi tun a Afirka ta Kudu. Ragowar duk kotun baki ce ta yanke masa, ita kuwa ba ta da alƙali, ba ta da wa'adi, ba a ɗaukaka ƙara.

Duk da haka akwai abin da yake damuna game da afuwar da aka yi wa Amir. Butt da Asif su ma sun gama nasu wa'adin, amma ko sau ɗaya ba su ƙara sanya rigar Pakistan ba. Za a ce ai su manya ne, kuma tubansu tuban muzuru ne, sai da ƙarya ta ƙare. Na ji. Amma a tambayi zuciya: da Amir ya dawo hannunsa ya mutu, ba ya iya fitar da kowa, da an yi masa wannan tarba? Ina jin tsoron cewa rabin afuwar nan ba don tubansa aka yi ta ba, don ana bukatar jifansa ne. Haka Turawan Ingila suka yi wa David Beckham, wanda shi ma ya kai hauri aka kore shi a wasansu da Ajantina a 1998. Sun tsine masa iya tsinuwa, amma da ya ci musu bugun tazarar da ta kai su kofin duniya a 2001, a kan Girka ɗin nan dai, sai ya koma ɗan lele. Afuwar da sai ka biya da nasara ake ba ka, ni ban san sunan da zan kira ta ba in ba ciniki ba. Kaita bai samu ranar da zai biya ba, shi ya sa bashin yake nan a wuyansa.

Wani ɗan ajinmu ya ce da ni duk wannan dogon Turanci ne a kan wasa, ai ɗan kallo yana da haƙƙin ya yi fushi, tun da ya ba da lokacinsa da kuɗinsa da zuciyarsa. Ban musa masa ba. Amma fushi daban, hukunci daban. Kuma mu da muke zaune a kan benci muna ihu, wane ne a cikinmu bai taɓa kai wa wani hannu cikin fushi ba a filin unguwa? Bambancin kawai shi ne namu babu kyamara. Sa'an nan a lura, kuɗin da suka ja ƙafar Amir ta tsallake layi, irin kuɗin 'yan kallo ne masu caca. Wannan cacar ta iso mu har gida. A 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunanta da dama a Kano, amma ta riga ta shige cikin wayoyin samari. Na sha lura a gidan kallo cewa wanda ya fi kowa zagin ɗan wasan da ya ɓarar da ƙwallo, har ya haɗa da iyayensa, sau da yawa ba kishin ƙungiya ne ya dame shi ba, naira ɗari biyar ɗinsa ce ta tafi.

Wannan ne ya sa idan aka ambaci Kaita a majalisa ana dariya, nakan tambayi mai maganar ko ya san cewa mutumin nan yana da lambar azurfa ta Olamfik. Yawanci sai a yi shiru, wani ya ce ai shi ya ɗauka Kanu ne kawai da su Okocha suka taɓa ciwo lamba, tun ta zinariyar Atlanta a 1996.