Hukuncin Sayar da Inabi ga Mai Yin Giya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, malaman fiƙihu sun daɗe da warware mas'alar cinikin inabi. Inabi halal ne, kuɗinsa halal ne. Amma idan mai gona ya san cewa mai saye giya zai yi da shi, to cinikin ya haramta. Malikawa na kiran wannan ƙa'ida saddu zara'i, watau toshe kafar da ɓarna ke bi. Daga hujjojinta akwai aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakon juna a kan zunubi, da hadisin Anas ɗan Malik wanda Tirmizi ya ruwaito, inda la'anar giya ta hau mutum 10, har da mai matsa ta, da mai dakonta, da mai cin kuɗinta.

To, wannan mas'ala ta dawo a zamanin nan cikin sabuwar riga. Yawancin miyagun ƙwayoyi ba sa haɗuwa sai da sinadarai waɗanda asalinsu masu amfani ne. Efedirin na maganin mura shi ake juyawa ya zama metamfetamin mai haukata samari. Asetik anhaidiraid, wanda ake yin asfirin da shi, da shi ake sarrafa hiroyin. Fotasiyam famanganet na tsabtace ruwa kuwa, da shi ake tace hodar iblis.

Saboda haka ne cikin 1988 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Biyenna, a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sashe na 12 ya wajabta sa ido a kan cinikin waɗannan sinadarai, da kai rahoton duk odar da ake tuhuma, da ajiye takardun ciniki aƙalla shekara 2. Hukumar INCB ce ke bin diddigin aikin. Mai hankali zai ga cewa wannan toshe kafa ce, irin wadda Shari'a ta riga ta karantar.

Nijeriya ba ta tsira daga wannan musiba ba. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa cikin 1989, ta gano gidan dafa metamfetamin na farko a Legas cikin 2011. Cikin 2016 kuma ta bankaɗo wani babba a Asaba, aka kama 'yan ƙasar Meziko 4.

Sai dai doka takarda take dubawa, takarda kuwa ana iya yin jabunta. Abin da ba a yi wa jabu shi ne sanin da ke cikin zuciya. Attajirin da ya shigo da sinadari fiye da bukatar masana'anta, da mai kantin maganin da ya ga baƙo yana kwashe maganin mura katan-katan ya kau da kai, da ma'aikacin kwastan da ya karɓi hanci, dukkansu 'yan'uwan mai gonar inabin nan ne. Cewa "ni kaya kawai na sayar" ba zai zama uzuri ba ranar hisabi.

Wannan ba ya nufin a hana majinyaci magani. Haramci yana tabbata ne da sani ko rinjayen zato. Shakka tsagwaronta ba ta haramta halal. Amma wanda alamu suka bayyana gare shi, lalle ne ya haƙura da ribar, ya sanar da hukuma.

Allah Ya tsare 'ya'yan al'umma, Ya tsarkake dukiyar 'yan kasuwa, amin.