Bakin Da Ya Faɗa, Zuciyar Da Ba Ta Nufa Ba

Akwai wani abu da yakan faru a majami'unmu wanda ba mu cika zama mu yi shawara a kansa ba. Ana tsakiyar Mas, Fada ya ɗaga Jikin Ubangiji, kowa ya durƙusa, sai a ji wani yaro ya yi ƙara kamar haushi, ko ya fizge wuya, ko ya yi ta gyaran murya ba ƙaƙƙautawa. Kawuna su juya. Uwar ta sunkuyar da kai, ta kai hannu ta mintsine shi. Kafin a watse an riga an yanke hukunci iri biyu: waɗansu su ce rashin tarbiyya ne, waɗansu kuwa su ce da iska a jikinsa, tun da a gaban bagadi abin ya tashi. Bayan Lahadi uku ko huɗu sai a daina ganin iyalin, ba kuwa wanda ya taka ya tambayi dalili.

Likitoci suna da suna ga wannan hali. Motsi ko sautin da ke ƙwace wa mutum farat ɗaya, yana maimaituwa ba da nufinsa ba, suna ce da shi tik. Idan motsi iri-iri suka haɗu da sauti, suka wuce shekara guda, suka kuma fara kafin shekara 18, ana kiransa ciwon Turet, da sunan likitan Faransa Georges Gilles de la Tourette, wanda ya bayyana halin mutum 9 a birnin Paris a 1885. Ta farkonsu wata mace ce 'yar gidan sarauta, wadda ashar yakan kuɓuce mata a tsakiyar taron manya tun tana ƙarama har tsufanta. Abin yakan soma da ƙifta ido ko ɗaga kafaɗa a wajen shekara 5 zuwa 7, ya tsananta tsakanin 10 da 12, sa'an nan ya lafa wa da yawa idan sun balaga. Ya fi kama maza, yakan kuma bi jini. Tushensa yana cikin sashen ƙwaƙwalwa mai tace motsi, wato mai barin wanda aka nufa ya fita, ya tare wanda ba a nufa ba. Ba farfaɗiya ba ce, ba ya rage basira, ba a kuwa ɗaukarsa. Masu furta batsa ko zagi a cikinsu kamar ɗaya ne cikin goma, amma da yake su ne suka fi girgiza mu, a kansu za mu tsayar da tambayarmu: mutumin da ashar ya fito daga bakinsa a Ɗakin Allah, alhali bai so ba, ya yi zunubi?

Ikkilisiya ta daɗe da amsa wannan tun ba a san sunan ciwon ba. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya raba ayyukanmu gida biyu. Akwai aikin da mutum yake yi da saninsa da yardarsa, shi ne ake yabo ko zargi a kansa. Akwai kuma wanda yake fitowa daga jikin mutum kawai, kamar wanda yake sosa gemu hankalinsa yana wani wuri. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika, wanda aka fitar a 1992, ya bi wannan sawu: kafin zunubi ya zama mai kisa, sai laifin ya zama babba, a yi shi da cikakken sani, a kuma yi shi da gangan. Sashe na 1735 ya ƙara da cewa alhakin aiki yakan ragu, har ma ya gushe, saboda jahilci, ko tilas, ko tsoro, ko larurar tunani.

Mai karatun Bishara zai iya tare mu a nan, ya ce ai Ubangiji da kansa ya koyar a Matiyu sura 15 cewa abin da ke fitowa daga baki shi ke ƙazantar da mutum. Gaskiya ne. Sai dai da Bitrus ya nemi fassara, Yesu ya nuna dalilin: maganar baki tana ƙazantarwa domin daga zuciya take tasowa. To, ga maganar da ba ta bi ta zuciya ba sam. Mai wannan ciwo yakan furta ainihin kalmar da ya fi ƙyama, a wurin da ya fi jin nauyi, shi ne kuma na farko da take sara. Ƙoƙarin danne abin da fargabar kada ya fito su ne suke ƙara hura shi. Saboda haka tashinsa a lokacin da majami'a ta yi tsit ba shaida ba ce ta ƙin abu mai tsarki.

Akwai wata gardama da ta fi wannan ƙarfi, ba za mu kauce mata ba. Iyaye sukan ce: ai mun ga ya riƙe kansa a gaban malamin makaranta, ashe da gangan yake yi mana a gida. Hakika mai tik yakan iya dannewa na ɗan lokaci, yadda kowannenmu zai iya hana idonsa ƙiftawa ko ya riƙe atishawa. Masu ciwon suna cewa sukan ji wani matsi yana taruwa kamar ƙaiƙayi kafin motsin, ba ya sakinsu sai sun yi. Yaron da ya danne yini guda a aji, a gida yake saukewa, gama nan ne yake jin ba za a kore shi ba. Idan muka sa masa bulala a nan ma, ina ya rage masa? Wannan ba ya nufin yaron ya fita daga horo. In ya yi ƙarya ko sata, a tsawata masa kamar kowane ɗa, domin ciwon bai ɗauke masa lamiri ba. Aikin iyaye da katikis shi ne su koyi rarrabe abin da ya zaɓa da abin da ya auka masa, aikin kuwa yana bukatar haƙuri da tambayar yaron kansa.

Game da zancen aljanu, Ikkilisiya ba ta musun aikin Shaiɗan, amma ta kafa shinge. Dokarta ta 1983 ta hana kowa yin babbar addu'ar korar aljanu sai Fada da Bishop ya ba shi izini musamman, Katikisim kuma a sashe na 1673 ya ce a fara tabbatarwa ba ciwo ba ne, gama ciwo aikin likita ne. Wanda ya kewaye yaro da ihu da ɗaurewa da azumin dole, ya saɓa wa Ikkilisiyar da yake tsammani yana yi wa hidima. Akwai magunguna masu rage tsananin tik, akwai kuma horon da ke koya wa mutum ya gane matsin nan ya mayar da shi wani motsi mai sauƙi.

Sau da yawa ciwon yakan zo da abokan tafiya: rashin iya tsayar da hankali wuri ɗaya, da kuma waswasi mai tilasta maimaita abu. Wannan na biyu yakan sa tufafin ibada. Mugun tunani game da Allah ya faɗo wa mutum a tsakiyar Rosari, ya firgita, ya je ya furta, ya fito, ya koma gobe da zunubin jiya domin yana shakkar ko ya faɗa daidai. Waliyyi Ignatiyus na Loyola ya sha irin wannan azaba ta shakka a Manresa a 1522, har rayuwa ta gundure shi. Waliyyi Alfonsus Liguori, wanda shi ma ya ɗanɗana, ya shawarci masu wannan hali su riƙe Fada guda, su bi maganarsa, su daina tone abin da aka riga aka gafarta. Tunanin da ya zo ba a gayyace shi ba, aka kuwa ƙi shi, ba abin furtawa ba ne.

Yanzu mu auna kanmu da mudun da muka auna yaron. Ƙararsa ba da nufi ta fito ba. Dariyar da muka yi fa? Laƙabin da 'ya'yanmu suka sa masa muna ji muka yi shiru, da matsawar da muka yi daga bencin uwarsa, da raɗar da ta hana 'yar'uwarsa miji, waɗannan duka da saninmu da yardarmu aka yi su.

Ba mu ce ƙarar ba ta damun mai addu'a ba, tana damu. Amma ana iya shiryawa. Fada ya yi wa jama'a bayani sau ɗaya, da yardar iyalin. Masu kula da tsari su bar musu wurin da yaron zai iya fita ya huta ya dawo, in shi ya so, ba a tura su bayan ƙofa ba. Katikis kada ya jinkirta masa karɓar Jikin Kristi saboda tik, muddin ya san Wanda yake karɓa. Zumuntar Mata kuma ta aiki mutum biyu gidan iyalin nan da muka daina gani, su gaishe su, su ce ana cigiyarsu ran Lahadi.