Baƙo Ma Maƙwabci Ne?

'Yan'uwa, a Landan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane maƙil, kafaɗa da kafaɗa, amma ba mai ce wa wani sannu. Na ce a raina, mutanen nan ba zumunci. A Jos wa zai wuce dattijo bai gaishe shi ba?

Ga kuwa wata tsohuwa a ɗakin da ke bisa nawa. Wata bakwai ina jin ƙarar sandarta, ban taɓa hawa ba, wai ni baƙo ne, ita ya kamata ta fara. Ashe baƙunci yana ɗauke wa Kirista nauyin maƙwabci? Firist ɗin nan na Luka 10 ma ba zai rasa hujja ba.

Ran da na hau na gaishe ta, ta ce kwana tara ke nan ba wanda ya kira sunanta.