A Yi Aiki, Ko A Dakata?

Karatu: Markus 5:25-34, 2 Sarakuna 20:1-7.

Ya ku 'yan'uwa cikin Ubangiji, akwai wata mace a ekklesiyarmu wadda cikinta ya yi ta girma, har mata suka soma yi mata murna. Wata tara ya wuce, shekara ta kewayo, ba haihuwa. Tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta. Ita kuwa kowane wata jini ya kan zuba mata har kwana goma, tafin hannunta ya yi fari, in ta ɗebo ruwa sai haki. Da aka kai ta asibiti aka ɗauki hoton cikin, likita ya ce ƙari ne a mahaifa, ya kamata a yi mata aiki. Nan gardama ta tashi. Mijinta ya ce a dakata. Wani kuma ya ce mai bangaskiya ba ya kwanta a gaban wuƙa.

Bari mu fara da sanin cutar. Ƙarin nan tsiro ne na naman mahaifa, ba sammu ba ne, ba kuwa horon zunubi ba. Kusan dukansa ba ciwon daji ba ne. Ya yawaita ƙwarai ga matan baƙar fata, kuma da yawa suna da shi ba su sani ba, gama ba ya damunsu. Irin waɗannan ba su bukatar wuƙa, sai dai likita ya riƙa dubawa. Sa'anda mace ta daina al'ada, ƙarin ya kan ƙanƙance da kansa.

Waɗansu su kan kafa hujja da macen nan ta cikin Markus, wadda ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta kashe dukan abin hannunta wurin masu magani. Amma ku duba, Yesu bai tsauta mata domin ta nemi magani ba. Ku tuna kuma da Sarki Hezekiya. Allah ya riga ya alkawarta masa ƙarin shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Alkawari da magani suka tafi tare. Luka ma, wanda ya rubuta Bishara, likita ne.

To, 'yar'uwa, in shawara ta zo gare ki, ki auna abu uku. Na ɗaya, wace ɓarna ƙarin ya ke yi miki? In jininki yana ƙarewa, ko ƙarin yana danne mafitsara, ko yana hana ciki zama, jinkiri yana da haɗari. Magani ya kan rage zubar jini, amma ba ya kawar da babban ƙari. Na biyu, kina begen haihuwa? Aikin iri biyu ne. Ana iya cire ƙarin a bar mahaifa, ko da shi ke ya kan sake tsirowa. Ana iya cire mahaifa duka, ƙarin ba zai komo ba, amma haihuwa ta ƙare. Na uku, shekarunki nawa? Wadda ta kusa daina al'ada, wataƙila haƙuri kaɗan ya ishe ta. Ki tambayi likita waɗannan duka a fili, kada kunya ta rufe miki baki.

Ku maza, ga taku. Kada marmarin 'ya'ya ya sa ka yi caca da ran matarka. Ranar ɗaurin aure alkawarin ciwo da lafiya ka yi da ita. Ku kuma ekklesiya, aikin nan ya kan bukaci jini da kuɗi, bayansa kuma hutu na wajen mako shida. Samari su ba da jini, dattawa su tara taimako, zumuntar mata su ɗauke mata daka da ɗiban ruwa.

Macen nan tamu, bayan addu'a da shawara, an yi mata aiki. Samari biyu suka ba da jini. Ran Lahadin da ta wuce tana cikin masu waƙa.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu hikimar zaɓe, ya bi da hannun likitoci. Amin.