IDAN CINIKI YA JA BAYA, INA HAƘƘIN MA'AIKACI?



Ya ku 'yan'uwa Musulmi, tambayar da muke son mu duba a wannan fitowa ita ce: idan kasuwa ta faɗi, shin ya halatta mai aiki ya rage wa ma'aikacinsa lokacin aiki da albashi, ya janye kuɗin magani ko na abinci, ba tare da yardarsa ba?

Mu mutanen jihar Agadez mun san wannan al'amari da idonmu. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a ƙasar Japan a 2011, farashin ƙarfen yuraniyom ya faɗi. A 2014 aka jingine aikin Imouraren. Ranar 31 ga Maris 2021 kuma kamfanin COMINAK da ke Akokan, kusa da Arlit, ya rufe bayan ya yi fiye da shekara 40 yana haƙa. Ma'aikatansa na dindindin, kimanin 600, sun sami kuɗin sallama da alkawarin kula da lafiyarsu na wasu shekaru. Amma ɗaruruwan da suke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila sun koka cewa ba a yi musu irin wannan tanadi ba, alhali rami ɗaya suka shiga, ƙura ɗaya suka shaƙa.

Kada mu ɗauka wannan magana ta manyan kamfanoni ce kaɗai. Ta shafi mai kanti da yaronsa, da mai mota da direbansa, da mai lambu da ɗan ƙodagonsa, har da uwar gida da 'yar aikinta.

Malaman fiƙihu suna kiran ɗaukar mutum aiki da suna ijara. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, sharaɗi ne a san ladan aiki, a kuma san wa'adinsa. Da zarar an ƙulla, ya zama alkawari mai ɗaure ɓangarorin biyu, ɗaya ba ya warware shi don ganin damarsa. Daga nan abubuwa uku suke fitowa.

Na farko, aikin da aka riga aka yi, ladansa bashi ne a wuyan mai aiki, ko ya ci riba ko ya faɗi. Ma'aikaci ba abokin tarayya ba ne. Ranar da riba ta ninka ba a ninka masa ba, don haka ba adalci ba ne a ɗora masa hasara.

Na biyu, wanda aka ɗauka da wata ko da shekara, lokacinsa aka saya. Idan ya zo ya miƙa kansa, mai aiki ya rasa abin da zai sa shi, ladansa bai faɗi ba.

Na uku, abin da aka ambata tun farko, ko al'ada ta tabbatar, kamar abinci da magani da wurin kwana, ɓangare ne na lada. Janye shi a ɓoye tauye mudu ne, kuma mun san gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta yi a kan masu tauye mudu.

To, wani zai ce: mai aiki fa? Idan bai rage ba zai rufe, kowa ya rasa. Wannan uzuri ne na gaskiya, kuma ba a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai hanyar ita ce ya tara ma'aikatansa, ya faɗa musu gaskiyar hali, ya ba su sanarwa da wuri, su ƙulla sabuwar yarjejeniya da yardar juna, a rubuta, a kafa shaidu, a faɗi lokacin da za a sake dubawa. Ragin kuma ya fara daga kansa da manyan ma'aikata kafin ya kai ga mai gadi da mai shara. Yardar da aka karɓa da barazanar kora kuwa, sunanta tilas.

Ma'aikaci shi ma amana tana kansa. Kada ya rama da ha'inci ko lalata kaya. Ya nemi sulhu ta hannun dattawa da limamai ko ƙungiyar ƙwadago. Idan abin ya faskara, dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba shi damar kai kuka ga sufeton aiki, sa'an nan kotu.

Saboda haka, kowannenmu da ke da wani a ƙarƙashinsa ya yi wa kansa hisabi tun yau, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai an biya ko mai shi ya yafe.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya yalwata arzikin ƙasarmu. Amin.